Hannun Wa Muke Ji? Ƙarar Wurin Gini a Zauren Baje Kolin Fasaha

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda masu fasahar sauti ke naɗar ƙarar wuraren gini, ta guduma da injin kwaɓa kankare da yankan rodi, su sarrafa ta su kai ta zauren baje koli. Ta bi sawun al'adar tun daga Milan ta 1913 zuwa Paris ta 2022, sannan ta auna ta da abin da Bahaushe ya sani game da sautin aiki, wato daɓe da lugude da kiɗan sana'a. Hujjar takardar ita ce tsarin da ke sa kunne ya tsaya ga irin wannan aiki ma'aikaci ne ya zuba shi tun a fili, kuma galibin dabarun da ake bi wajen tace sautin shi suke fara gogewa.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa maƙwabtaka da sabon gini ya san ranar zuba dakin. Tun gari bai waye ba tifa ta juye tsakuwa a bakin ƙofarka, ka farka a firgice kana tsammanin katanga ce ta faɗi. Kafin hantsi an tayar da injin kwaɓi. Daga nan shebur ya shiga tsakuwa, ƙwaras-ƙwaras, leburori su jeru da kwanon sarki a ka, suna hawa gadar katako suna sauka, katakon yana amsa kowane taku. A sama mai ɗaurin rodi yana ƙarasa abin da ya rage, kafinta yana ƙara ƙusa a inda yake tsoron katako zai buɗe. Ba mai tsayawa, domin kankare ba ya jiran kowa: in aka bar wanda aka zuba ya fara kamawa kafin a haɗa shi da na bayansa, an bar wa ginin rauni. Mai jego da marar lafiya da ɗalibin da ke da jarrabawa gobe, sai haƙuri.

Wannan ƙarar ce wasu masu fasaha ke naɗa, su tace, su zuba a lasifikoki cikin zaure mai sanyi da tsabta, mutane su sa rigar fita su je su saurara. Wanda bai saba ba zai yi dariya. Amma al'adar mayar da ƙara fasaha ta haura shekara ɗari, tana da malamanta da saɓaninsu, har ta kai a 2010 babbar kyautar fasaha ta Birtaniya, wato Turner, ta tafi hannun Susan Philipsz saboda aikin da babu abin gani a cikinsa sai murya. Maganar ko ƙara na iya zama fasaha an daɗe da wuce ta. Abin da ya rage a tambaya shi ne: idan ta zama, ta wa ce, kuma me aka zubar a hanya tsakanin fili da zaure?

Ƙara, amo da sauti

Kafin mu tafi Turai mu tsaya a bakinmu. Kalmar ƙara aiki biyu take yi a Hausa: ita ce abin da inji ke yi, ita ce kuma abin da ake kai wa alƙali. Ba na ganin haɗuwar banza ce. Ƙara sauti ne da ya shiga haƙƙin wani. Amo kuwa muryar da abu ke da ita ne a jikinsa. Mai sayen tukunya yakan ƙwanƙwasa ta da yatsa, in da tsaga a jikinta amon zai mutu nan take. Mai sa tayil yakan bi aikinsa da ƙotar guduma, inda ya ji ƙwal-ƙwal ya san akwai rami a ƙasa, siminti bai cika ba. Ke nan bugu ɗaya ne, maƙwabci ya ji ƙara, mai sana'a ya ji amo, wato shaida kan ingancin aiki. Mai fasaha shi ne na uku. Shi so yake ya mayar da bugun sauti, kalmar da muka aro daga Larabci, wadda ba ta ɗauke da laifi, ba ta kuma ɗauke da shaida. Da waɗannan kalmomi uku zan auna duk abin da zai biyo baya.

Daga akwatunan Russolo zuwa ƙararrawar da aka yanke wa kai

A watan Maris na 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta wa abokinsa mai tsara kiɗa Francesco Balilla Pratella doguwar wasiƙa da aka buga da sunan L'arte dei rumori, wato fasahar ƙara. Da'awarsa ita ce kunnen ɗan birni ya saba da tarago da masana'anta, kayan kiɗan gargajiya sun daina ƙosar da shi. Ya kasa ƙara gida shida, ya ƙera akwatunan katako masu bakin ƙaho, ana juya hannu a baya, ana jan sanda a sama don ɗaga murya ko sauke ta. Da aka kaɗa su a gidan wasan Dal Verme na Milan a Afrilun 1914, da dambe taron ya tashi. Ko ɗaya daga cikin akwatunan na asali bai kawo yau ba. Russolo bai naɗi ƙarar kowa ba, kwaikwayonta ya yi. Ƙungiyar da ya fito daga ciki kuwa, wadda Marinetti ya kafa a 1909, inji take so da gudu da yaƙi. Mutumin da ke tsaye a bayan injin bai dame ta ba, kuma wannan gadon har yau bai bar fagen ba.

Ɗaya daga cikin ayyukan farko da aka gina da sautin da aka naɗa a nahiyarmu aka yi shi. A 1944 Halim El-Dabh, yana ɗalibin aikin gona a Alƙahira, ya ari rikoda mai naɗa a kan waya daga gidan rediyo, ya ɗauki muryoyin mata a bikin zar, ɗan'uwan borinmu, ya sarrafa su da amsa-kuwwa da rage wasu sassan muryar. Littattafai da dama sukan tsallake shi su fara da Faransa, shekara huɗu bayan haka.

A can Faransan, Pierre Schaeffer, injiniya a gidan rediyon ƙasar, ya je tashar jirgin ƙasa ta Batignolles a Paris a 1948 ya naɗi taragu, ya yanka ya jera, aka watsa a watan Oktoba. Ya raɗa wa salon suna musique concrète. Bahaushe in ya ji sunan sai ya zaci kiɗan kankare ake nufi, kuma da hakan ne da takardata ta samu take a ɓagas. Sai dai kankaren gini a Faransanci béton ne. Abin da Schaeffer ke nufi shi ne sauti na zahiri da aka kama, kishiyar wanda aka rubuta a takarda don makaɗa su karanta.

Abu biyu ya gano da har yau ake cin gajiyarsu. Na farko, in aka rufe layin faifan garmaho ya koma kan kansa, ɗan guntun sauti zai yi ta maimaituwa har kunne ya manta da inda ya fito. Na biyu ya fi muhimmanci ga maganarmu: in aka naɗi ƙararrawa aka yanke farkon bugun, aka bar jelar amon kaɗai, mai sauraro ba zai gane ƙararrawa ce ba, zai ji kamar abin busa. Daga nan ya gina ra'ayin da ya shimfiɗa a babban littafinsa na 1966, wanda zan kira sauraro tsantsa: ka saurari sauti don siffarsa, ka ajiye tambayar wa ya yi shi. Ina roƙon ku riƙe wannan gwaji na ƙararrawa. Farkon bugu shi ne lokacin da hannu ya sadu da ƙarfe. Wanda ya yanke shi, hannun ya yanke.

Ba kowa ne ya bi Schaeffer ba. A Kanada, R. Murray Schafer da abokan aikinsa na Jami'ar Simon Fraser sun naɗi birnin Vancouver suka fitar a 1973, amma su ƙarar inji cuta ce a wurinsu, tana danne ƙananan sautukan da ke bambanta gari da gari. A Berlin ta Yamma kuwa ƙungiyar Einstürzende Neubauten, wadda sunanta ke nufin sababbin gine-gine masu rushewa, ta kafu a 1980 ta ɗauko kayan aikin gini su da kansu ta hau da su dandamali. A Janairun 1984 wasu 'ya'yanta sun shiga wani wasa a cibiyar fasaha ta ICA a Landan da injinan kwaɓa siminti da na fasa kwalta. Bayan kamar minti 20 aka tsayar da wasan, domin sun fara huda daɓen zauren. Duk abin da za a ce game da su, ba su ɓoye wa kowa cewa injin fasawa fasawa yake yi ba.

Ƙararrawa goma a tsakiyar wurin gini

Aikin da ya fi dacewa da batunmu, kuma wanda na fi jin nauyin sukarsa saboda kyansa, na Ba'amurke Bill Fontana ne. Shi ba ya yanka, ba ya jerawa. Yakan liƙa na'urar jin girgiza, irin wadda injiniyoyi ke gwada lafiyar gada da ita, a jikin ƙarfe, ya kai abin da ta ji wani wuri kai tsaye. A 2006 ya yi haka da gadar Millennium ta Landan, ya zuba girgizar wayoyinta a babban zauren Tate Modern.

Ranar 15 ga Afrilun 2019 gobara ta ci rufin majami'ar Notre-Dame ta Paris. Ƙararrawowinta goma da ke hasumiyoyi biyu na gaba sun tsira, har da babbar da ake kira Emmanuel mai nauyin kusan tan 13, amma aka daina kaɗa su, majami'ar ta koma wurin gini. A 2022 Fontana ya liƙa na'urorinsa a jikin kowace, ya kai sautin lasifikokin da aka jera a barandar Cibiyar Pompidou. Ya kira aikin Silent Echoes. Hikimar ita ce ƙararrawa ba ta taɓa yin shiru na gaskiya. Duk ƙarar da ta ratsa iska ko ginin tana motsa tagullar kaɗan, tagullar kuma ba ta amsawa sai da muryoyin da aka ƙera ta da su. Saboda haka motocin birni da iska da bugun ma'aikata a ƙasa duk suna shiga, su fito da amo ɗaya, mai zurfi, mai tsawo, kamar ƙugin da ba ya yankewa.

A ma'aunin kalmominmu uku, Fontana ya mayar da ƙara amo ba tare da ya taɓa ta da almakashi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma amon wa? Na ƙararrawa. Wurin nan fa dalma mai nauyin sama da tan 400 ta narke a cikinsa, har aka dakatar da aiki a tsakiyar 2019 saboda haɗarin gubarta ga ma'aikata. Mutanen da suka yi shekaru suna shiga wannan ƙura, har aka sake buɗe majami'ar a Disambar 2024, sun isa kunnen mai sauraro a matsayin ɗan motsi a cikin ƙugi. Abin da Schaeffer ya yi da hannu, tagulla ta yi wa Fontana: ta haɗiye farkon bugu ta bar jela. Mai tsayuwa a barandar Pompidou ya ji ginin yana numfashi, bai ji wanda ke ɗinke shi ba.

Abin da ake zubarwa a ɗakin tacewa

Bari mu sauko kan aikin hannu, domin a nan ne maganar ke tabbata ko ta rushe.

Abu na farko da ake zubarwa shi ne ƙarfi, kuma wannan dole ne. Ma'aunin ƙarfin sauti, desibel, ba kamar mudu yake ba: ƙarin desibel 3 kacal ninki biyu ne na ƙarfin da ke dukan kunne. Hukumar NIOSH ta Amurka ta ba da shawarar kada ma'aikaci ya wuce awa 8 a desibel 85. A 88 lokacin ya koma awa 4, a 91 awa 2, a 100 minti 15. Injin fasa kwalta da injin yankan ƙarfe ko tayil sukan kai 100 ko su haura a kunnen mai riƙe da su, kuma 'yan ƙananan gasun cikin kunne da ke karɓar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Babu gidan baje kolin da zai saki wannan ƙarfi a kan baƙinsa, kuma bai kamata ba. Sakamakon dai shi ne duk aikin fasahar da aka yi da ƙarar gini ya fara da rage gaskiya. Baƙo yana jin sautin a matakin hira, yana iya fita in ya gaji. Nijeriya na da ƙa'idar ƙayyade ƙara da hukumar NESREA ta fitar a 2009, amma duk wanda ya zaga wuraren gini a garuruwanmu ya san sau nawa ya ga mai yankan rodi da toshiyar kunne.

Na biyu shi ne janareta. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a sakan, ƙaramin janareta yana juyawa sau 3,000 a minti don ya ba da haka, kuma wannan gurnani yana kwance a ƙarƙashin duk abin da ka naɗa. Manhajar tace sauti ta kwamfuta tana iya tsame shi cikin sauƙi, kuma hannu yakan yi saurin kai wa nan, tunda yana cika lasifika ya hana sauran fitowa. Sai dai wurin gini a Kano ko Kaduna da babu gurnanin janareta wurin gini ne na wata ƙasa. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008 kan Kano, ya nuna cewa lalacewar kayan more rayuwa da ƙarar da take haifarwa suna cikin abin da mutane ke gani su ji, ba datti ne a gefe ba. Mai tsame janareta ya tsame tarihin wutar lantarkin ƙasa guda.

Na uku ya shafi inda aka ajiye makirufo. Wanda ake liƙawa a jikin rodi yana ba da abin mamaki. Sauti na tafiya kamar mita 343 a sakan cikin iska, amma cikin ƙarfe yana haura mita 5,000. In ka liƙa ɗaya a rodi ka tsayar da wani a iska kana nesa da mai bugu, za ka ji bugun sau biyu, ƙarfe ya riga iska isowa. Masu fasaha suna son wannan ƙwarai, ni ma ina so. Illarsa ita ce ƙarfe ba ya ɗaukar magana. Kiran "a kawo ruwa", da zolayar da leburori ke yi wa wanda ya fara lanƙwasa, da mai abinci tana buga ludayi a bakin tukunya, da shirun da ke sauka in an kira azahar, duk ba sa bin rodi.

Na huɗu, wanda na fi ɗauka da nauyi, lokaci ne. Yinin aiki ana matse shi ya koma minti goma ko sha biyar, a zaɓi bugu mafi tsabta, a maimaita shi, a daidaita shi a kan layukan manhaja yadda tazarar ba za ta goce ba. Amma tazarar ma'aikaci gocewa take yi. Shebur ɗin hantsi da na bayan la'asar ba ɗaya ba ne: na la'asar yana jinkiri, yana jan ƙasa kafin ya ɗaga, wani lokaci ya tsaya. Gajiya tana da kari, kamar yadda waƙa ke da shi. Maimaici ba ya gajiya. Da zarar an mayar da bugun lebura maimaici an mayar da shi inji, an koma gidan Marinetti ta ƙofar baya.

Daɓe, lugude da kiɗan sana'a

A nan ne nake ganin muna da abin da za mu kai teburin, ba karɓa kawai ba. Kafin siminti ya zama ruwan dare, daɓen ɗaki aikin gayya ne na mata. A shimfiɗa tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwan makuba, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, su yi ta bugu suna waƙa. Bugun ba ado ba ne. In hannu bai zo ɗaya ba daɓen ba zai kwanta daidai ba, waƙar ce ke riƙe hannuwan, ita ce kuma ke ɗauke gajiya. Wannan ƙarar gini ce da ta zama fasaha a wurin da aka yi ta, kuma masu yin aikin su ne masu tsara ta. Haka lugude: mata biyu ko uku a turmi ɗaya, taɓare suna shiga bi da bi, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe, ba tare da an ɓata daka ba. Manazarta waƙar baka sun daɗe da ware wa waɗannan babi a cikin waƙoƙin aiki na mata.

Akwai kuma hanya ta biyu, inda makaɗi daban yake da ma'aikaci. Mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, kamar yadda David Ames da Anthony King suka tattara a ƙamusunsu na kiɗan Hausa na 1971. Ku duba yadda cinikin yake. Makaɗin noma yana bin bayan manomi a gona, yana kiran sunansa da na ubansa, yana zuga shi a gaban jama'a. Abin da makaɗi ke bayarwa shi ne suna. Yanzu ku duba ɗan allon da ake liƙawa a bangon zauren baje koli: sunan mai fasaha, shekara, yawan lasifika, tsawon minti. Cinikin ya juye. An karɓi bugun ma'aikaci, sunan kuma ya tafi ga wani. Doka ma a nan ta tsaya, domin dokokin haƙƙin mallaka, har da tamu ta 2022, wanda ya shirya naɗar sautin suke ba wa haƙƙi.

Emeka Ogboh, haifaffen Inugu a 1977, ya nuna cewa ana iya kai ƙarar garinmu zaure ba tare da an wanke mutane daga cikinta ba. A aikinsa Market Symphony, wanda aka nuna a gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washington a 2016, ya naɗi kasuwar Balogun ta Legas, ya ɗora lasifikokin a kan farantan ƙarfe masu fenti irin waɗanda 'yan kasuwa ke jera kaya a kai. A ayyukansa na Legas kwandastan danfo yana kiran sunayen tashoshi da bakinsa, ana jin sa, ana gane shi. Ogboh yana tacewa, yana haɗawa da kiɗan lantarki, amma murya ce ginshiƙi. Kasuwa dai ba wurin gini ba ce, tana da sauƙi tunda cike take da magana. Wanda zai yi haka da wurin gini sai ya bar farkon bugu a inda yake, ya bar tazara ta goce, ya ba kowane ma'aikaci lasifikarsa yadda baƙo zai taka daga birkila zuwa kafinta, ya rubuta sunayensu a bango in sun yarda, ya kuma raba abin da aka samu. Kwalin toshiyar kunne da zai bari a wurin aikin bai kai kuɗin wayar lasifika ɗaya ba.

Wani ɗan gwaji

Da ake ginin bene kusa da gidanmu, na nemi izinin babban birkilan, dattijo ne da ya fara furfura, na yi kwanaki ina zuwa da rikoda. Ranar farko na yi kuskure. Ina ƙoƙarin bayyana masa manufata na ce aikinsu kiɗa ne. Ya ajiye cokalin gini ya dube ni ya ce, "Malam, ni ba makaɗi ba ne, kuma ba mu gaje shi ba." Na ba shi haƙuri. Wanda zai shigo da ra'ayin Schaeffer ƙasar Hausa ya sani cewa kalmar da yake ganin yabo ce tana da nauyinta a nan.

Daga abin da na naɗa na haɗa abu biyu. Ɗaya na bi duk dabarun da na lissafa: na tsame janareta, na yanke farkon bugu, na ja jelar amon rodi, na maimaita. Ɗayan ban taɓa shi ba sai rage ƙarfi. Wata ranar Juma'a da aka tashi aiki da wuri na same shi zaune a kan bulo, na ce, "Baba, ga abin nan, ko za ka ji?" Na sa masa abin ji a kunne.

Na farkon ya saurara cikin ladabi ya ce ya yi daɗi, kamar abin da ake sawa a fim in aljani zai fito. Ya tambaye ni ina na samo shi.

Na biyun bai yi nisa ba ya ɗaga hannu. "Wannan ba ni ba ne, yarona ne. Ka ji sau uku yake buga bulo kafin ya zauna? Ni sau biyu nake yi." Ya ƙara saurarawa. "Kwaɓin nan kuma ya yi ruwa. Ji yadda yake faɗa wa kwano, ba ya cewa tim, sai dai faca. Ranar Talata ce wannan, na yi masu faɗa." Ya kira sunan leburan da ke kan shebur ba tare da mutumin ya yi magana a cikin naɗin ba, daga yadda yake jan ƙafa. Duk abin da na yi kwanaki ina ji a matsayin sauti, shi amo ne a wurinsa, rahoton aikin yini guda, har da na wanda ya yi ha'inci.

Da aka zo wurin da yaran ke hira a ƙasan gada, na ga ya juya kai yana danna abin jin a kunnensa na dama. Ya ce, "Malam, ƙara murya kaɗan, ba na jin abin da suke faɗa." Na duba rikodar. Na riga na kai ta ƙarshe.